Barbarcin Iya

Shuuu ɗin rediyo ne ya fara jawo hankalina. Ina tsakar gida da hantsi ina tsince shinkafa, sai in ji shi yana fitowa daga ɗakin Iya, ya ɗan tashi, ya lafa, ya sake tashi. Wani lokaci wata murya takan leƙo daga can ƙasan shuuu ɗin, ta faɗi kalma biyu ta nutse. Sai in ji Iya ta yi ajiyar zuciya, ta ci gaba da murɗawa. Da farko na zaci batir ne ya yi sanyi. Na saya mata sabo, abin bai canza ba.

Iya mahaifiyar maigidana ce, Bamangiya, wato 'yar Mangawa, daga wani ƙauye a bayan Kumagannam, inda mota ba ta shiga sai mai ƙarfin taka rairayi. Ta dawo wurinmu Gashuwa wajen ƙarshen shekarun casa'in, bayan idanunta sun tafi, likita kuma ya ce ga hawan jini ga ciwon suga, dole ta zauna kusa da asibiti a riƙa auna ta. Tashar da take nema ta ƙetaren iyaka ce. A ƙauyensu tana kamawa tas, ana magana da irin bakinsu. A Gashuwa kuwa sai ta ga dama.

Ni 'yar Nguru ce. Kakanninmu Haɗejawa ne, fatauci ya kawo su zamanin da jirgin ƙasa yake da ƙarfinsa. Na tashi ina jin yaren su Iya a kasuwa da makaranta, amma a gidanmu sunansa ɗaya ne, Barbarci, ko mai yinsa daga Maiduguri ya fito ko daga Machina. Ban taɓa tsayawa na saurara ba balle in ji wani bambanci. Gaisuwa kaɗai na iya, ita ma Iya takan yi murmushi in na yi, irin murmushin da ake yi wa yaro mai koyon tafiya.

Hausar Iya ta ciniki ce, ta ishe ta sayen barkono da neman ruwan alwala. In ta ja zance sai ta ce wa mace kai, ta ce wa namiji ke, yaran maƙwabta su kwashe da dariya. Ba ta taɓa nuna ta ji haushi ba, sai dai ta rage magana. Unguwarmu kuma ta Badawa ce, masu nasu yaren daban, matan kirki, suna shigowa gaishe ta, amma in gaisuwa ta ƙare sai kowa ya yi shiru, a ji ƙarar kabar da take saƙawa da lalube.

Mutum ɗaya ne babba a gidan da yake jin yarenta, shi ne ɗanta. Shi kuma ɗan fari ne. Ba ta kama sunansa, ba ta hira da shi. In ya dawo daga kai shanu kudu, sai ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa fuskarta na kallon bango, ya tashi. In tana son gaya masa wani abu, ni take kira, ta faɗa mini da Hausarta, ni in kai masa. Nakan yi mamakin wannan, uwa da ɗa masu yare ɗaya, amma sai wadda ba ta jin yaren ta tsaya a tsakaninsu.

Ranar da na gane abin da yake damunta, wata mai tallar kanwa ce ta yi sallama. Ina cikin taya kanwar sai matar ta yi wa goyonta tsawa da yarensu. Ban san lokacin da Iya ta fito ba. Ta jefa mata wata magana daga bakin ƙofa, matar ta ajiye ƙwarya ta tafa hannu. Suka zauna a tabarma ɗaya tun bayan azahar har aka kira la'asar. Iya tana dariya har da dukan cinya, tana kwaikwayon muryar wani, tana share hawaye da gefen mayafi. Na tsaya da muciya a hannu ina kallo. Ashe matar nan mai barkwanci ce. Shekara da shekaru muna gida ɗaya ban sani ba. Mai kanwar ta ci gaba da zuwa ranar kasuwa na ɗan lokaci, daga baya mijinta ya mayar da su garinsu.

Wadda ta ɗan ɗebe mata kewa ita ce 'yata ta fari. A ɗakin Iya ta yi rarrafe, a can take kwana, Iya na kiranta ƙawata. Yarinya ta tashi da yaren a bakinta. In na kira ta cin abinci sai ta juya ta ce wa Iya wani abu, su yi dariya, in ce, "To, ni ake zagi ko?" Iya ta ce, "A'a, ƙawata ce ta ce miyarki ta fi ta jiya." Amma hirar yaro hirar yaro ce. Ba za ta gaya mata wa ya rasu a ƙauye ba, ko gonar wa ta yi kyau. Da ta shiga firamare da Islamiyya kuma, sai ta zama ba a ganinta sai yamma.

Daga nan Iya ta fara maganar komawa gida. Ba ta yi da ƙarfi ba. Takan ce, "'Yar nan, yanzu a wajenmu an fara sassabe." Ko ta ce, "Ɗakina na can ko ya rushe, wa ya sani." Maigida ya ce ba zai yiwu ba, a can wa zai auna ta, wa zai hana ta shan shayi mai sukari. Ni ma na san in ta tafi ba za ta daɗe ba. Sai na sa a raina in na samo mata abin da kunnenta zai riƙa ji, wataƙila ta haƙura ta zauna.

Ƙanina yana da shagon kwamfuta a Nguru kusa da tasha. Yana buga wa mutane takardu, yana kuma zuba musu wa'azi da karatu a faifai ko kaset. Na je gida suna, sai na biya ta shagon na gaya masa buƙatata.

Ya ce, "Yaya, kin zo a daidai. Wasu masu wayar da kan mata a kan lafiya sun kawo aiki nan, suka bar mini faifansu. Wasan kwaikwayo ne, mata suna ta surutu, da yaruka kala-kala. Akwai Barbarci."

Ya buɗe. A fuskar kwamfutar sai ga wasu 'yan akwatuna a jere, ba suna a jikinsu, kowanne haruffa uku ne kawai a ƙasansa. Ya nuna mini mai haruffan hau, ya ce wannan namu ne, ba sai an faɗa ba. Ya danna wani mai knc. Aka busa sarewa, jariri ya yi kuka, wata mata ta fara magana.

Na ce, "Shi ne."

Ya ce, "Tsaya, ga wani ma." Ya danna na kusa da shi, mai kby. Sarewar nan dai, kukan jaririn nan dai, wata mata ta fara Barbarci.

Ya yi tsaki. "Abu ɗaya suka zuba sau biyu. Mutanen nan da motarsu mai sanyi, amma aiki ba lura."

Rakodar Iya kaset take ci, ta san maɓallanta da yatsa, don haka sai an juye daga kwamfuta zuwa kaset, abin kuma yana cin lokaci. Janareto yana ta tari, mai ya kusa ƙarewa, ga mutane a benci suna jira. Ƙanina ya sake saurarar kowanne kaɗan. Ya ce na farkon ya fi fita tas, kamar a gidan rediyo aka ɗauka, na biyun kuwa akwai carar zakara da kukan akuya a bayansa.

"Tsohuwa mai neman hutu, a haɗa ta da akuya?" in ji shi. "Ga mai tsabta."

Na yi dariya na ce Allah ya yi masa albarka. Na rungumo kaset ɗina a jaka har Gashuwa, ina jin kamar na ɗauko magani.

Na sa mata bayan la'asar. Da matar cikin kaset ta fara magana, Iya ta ajiye kaba, ta miƙe zaune, ta karkata kai. Na ga fuskarta ta buɗe. Ta saurara ɗan jim, sannan a hankali ta koma ta jingina da bango, ta lalubo kabarta. Ta ji shi har ƙarshe, ba ta katse ba.

Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Allah ya ba ki masu yi miki." Sannan ta ƙara da cewa, "Mutanen Yarwa, akwai iya magana."

Yarwa ita ce Maiduguri, wannan na sani. Na ɗauka yabo ne. Na fita ina murna, na gaya wa maigida an dace. Shi ma ya ji kaset ɗin daga tsakar gida bai ga wani aibu ba, don a saninsa duk abin da aka sa a kaset da yarensu, bakin Yarwa ne, bai taɓa jin wani ba.

Wani abu na lura da shi a lokacin, amma na ba shi wata fassara. In ina madafa ba na jin kaset a ɗakin Iya. Da ta ji takuna na nufo, sai in ji ƙas, ta danna, sarewa ta tashi. Na ce a raina tana so in ga tana jin daɗi ne. Da na yi nisa kuma sai ta kashe, ta koma rediyo. Na sake aika wa ƙanina, ya ƙaro wasu daga akwatin nan dai, har da wa'azin wani malami na Maiduguri. Kowanne ta karɓa da hannu biyu, ta sa albarka.

Ana gab da damina ɗan ƙaninta ya zo kasuwa da a-kori-kura, ya shigo gaishe ta. Bayan sun gama magana ta kira ni.

"Ki gaya wa mai gidan nan zan bi yaron nan."

Na durƙusa na ce, "Iya, wani abu muka yi?"

"Ba ku yi komai ba. Ci na ci, sha na sha. Ko 'yar da na haifa iyakar abin da za ta yi ke nan." Ta kama hannuna ta matse. "Amma kwana nake yi in tashi ban ce komai ba sai salla. Ina tsoron in je kabari bakina a rufe tun daga nan."

Na kai saƙo. Maigida ya zo bakin ƙofa ya durƙusa, ya yi magana mai tsawo da yarensu, irin wadda ban taɓa jin ya yi mata ba. Ta saurara, fuskarta a bango. Ta ba shi amsa gajeriya. Ya tashi ya je ya sayo magungunanta na watanni, ya rubuta wa ɗan ƙanin nata yadda ake sha.

Da nake haɗa mata kaya na sa kaset-kaset ɗin a cikin kwalla. Ta lalubo ta ji su, ta fitar ta miƙo mini.

"Ajiye wa ƙawata."

Ƙawar tata tana makaranta aka tafi. Da gangan Iya ta zaɓi haka. Yarinya ta dawo ta tarar da ɗaki ba kowa, ta kwanta a kan tabarmar ta ƙi cin abinci.

Iya ba ta ga girbi na biyu ba. Muna aika magani ta hannun direbobi, wani ya isa, wani ya kwana a tasha. Ba mai auna ta. An ce ta faɗi da safe a bakin randa, kafin a sami mota ta cika. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta.

Da muka je zaman makoki, na zauna cikin matan ƙauyen, ko ta ina muryar Iya nake ji, yadda take jan ƙarshen magana, yadda take haɗiye wasu wurare. Wata da take jin Hausa ta ce mini, "Ke ce surukar? Kullum sai ta yi zancenki. Tsohuwar nan ai ba ta bar mu mun huta ba, tun safe take zuba har a yi kiran magariba." Na ji daɗin wannan, na kuma ji ciwonsa. Har yau ban iya raba su ba.

An ɗan jima bayan haka ƙanina ya je Kano wani kwas na kwamfuta. Da ya dawo bai wuce Nguru ya zauna ba, ya hau mota ya zo Gashuwa da ƙaramar kwamfuta a jaka. Ya same ni da maƙwabciyata, wata Babadiya mai baki, muna gyaran kifi. Ko ruwa bai sha ba ya ce, "Yaya, kin tuna haruffan nan uku-uku?"

Ya ce ashe ba zuba su aka yi haka kawai ba. Masana sun zauna sun ba kowane yare na duniya alamarsa, don kwamfuta ba ta san sunan da mutane suke kiran yare ba, kuma suna ɗaya yakan rufe baki biyu ko uku. In an sa alamar, ko a wace ƙasa aka buɗe, an san na su wane ne. Ya ce Barbarci yana da babbar alama da ta haɗa kowa, a ƙarƙashinta kuma an rarraba. Wanda ya juye mini, knc, na Yarwa ne. Na kusa da shi, kby, Manganci ne.

"Mai akuyar?" na ce.

"Mai akuyar."

Na ajiye wuƙa. Maƙwabciyata ta dube ni ta dube shi, ta ga abin zai yi nauyi, sai ta ce, "Kai ɗan Nguru, mu fa? Mu Badawa an san da mu a cikin akwatin naka?"

Ya duba ya ce akwai, bde.

"Na Gashuwa ke nan. Na su mutanen wajen Jakusko fa, masu magana kamar suna tauna ƙashi?"

Ya ce duka ɗaya aka ba su.

Ta riƙe haɓa. "Mu da su? Lallai wanda ya yi rabon nan bai taɓa zuwa biki wajensu ba. Ka koma ka ce a sake."

Muka yi dariya, ni tawa ba ta kai ciki ba. Ina tunanin masu aikin nan da muka ce ba su da lura. Sun bi rairayi sun je har inda zakara yake cara, sun sami mata masu irin bakin Iya, sun ware musu wurinsu daban, sun sa alama yadda aka tsara. Abin ya zo har Nguru, har gaban idona, na ji shi da kunnena. Da suna suka rubuta a Hausa, ko da akwai Bamange ɗaya a kan bencin nan na masu jira, da an gama. Mu kuwa a shagon duk Hausawa ne, abin da muka iya bambancewa shi ne wanne ya fi fita tas.

Ƙanina ya ce, "In sa?"

Na ce ya sa.

Sarewa, kukan jariri, sai zakara. Wata mata ta yi sallama, wata ta amsa, suka shiga gaisuwa mai tsawo. Yanzu da na zauna makoki a ƙauyen, ko ni na ji. Jan ƙarshen maganar nan ne.

Maigida ya shigo daga masallaci ana cikin haka. Ya cire takalmi ɗaya, ya tsaya da ɗayan a ƙafa.  Ya ce, "Wannan matar ta wajenmu ce. Daga ina kuka samo?" Ƙanina ya ba shi labari yana sunkuyar da kai. Maigida ya ce, "Kada ku sa wa ranku. Kaset ba ya amsa magana. Ko wannan kuka kawo mata, da ta tafi." Ya mayar da takalminsa ya fita, bai ci abincin rana ba.

Na yarda da maganarsa, mafi yawan lokuta. Kwananta ya ƙare ne, kuma a inda aka rubuta mata. Amma nakan tuna yadda ta miƙe zaune ranar nan ta karkata kai, da yadda ta koma ta jingina. Ko da bai hana ta tafiya ba, da ta sami damina ɗaya tana jin matan garinsu suna faɗa a kan kunun jariri, ta yi musu gyara, ta yi dariya ita kaɗai a ɗaki. Wataƙila kuma damina ɗayan ta zama biyu. Allah ne masani. Abin da nake iyawa shi ne in sa ta a addu'a bayan kowace salla.

Ba mu kashe ba har 'yata ta dawo daga Islamiyya. Ta girma a lokacin, ta fara sa hijabi mai tsawo. Tun tafiyar Iya ba wanda ya sake yi mata yaren, babanta da Hausa yake yi wa yara magana. Ta yi sallama, ta tsaya a zaure da jakarta a kafaɗa. Na ga ta waiga wajen ɗakin Iya, wanda muka mayar na ajiyar buhuna. Ta zo ta durƙusa gaban kwamfutar. A ciki wata tsohuwa tana kiran wata yarinya, ta kira, ta sake kira. Leɓen 'yata yana motsi, ba abin da ya fito.

Ƙanina ya ce, "Ƙawar Iya, fassara mana mana. Me suke cewa?"

Ba ta dube shi ba. Ta juyo wajena, idonta ya cika.

"Umma, ina jin abin da take cewa, duk ina ji. Amma na manta yadda ake amsawa."